Robert Stevens, mutumin da ya sassaƙo ƙarfen dogo a cikin jirgin ruwa

Matafiyin da ke jiran jirgi a tashar Rigasa ko ta Idu, in ya sunkuyar da kai ya dubi ƙarfen da jirgin zai hau, zai ga abu ne mai sassa uku: kai mai kauri wanda ƙafar jirgi ke gudu a kansa, siririn wuya a tsakiya, da gindi mai faɗi da ya zauna daram a kan kankare. Wannan siffa ita ce a kusan kowane layin dogo na duniya a yau, har an saba da ita ana ganin kamar da ma can haka ƙarfen dogo ya zo. Alhali kuwa akwai wanda ya fito da ita, a shekarar 1830, kuma tare da ita ya fito da ƙusar da ke danne gindin ƙarfen a jikin katako. Sunansa Robert Livingston Stevens, mutumin Amurka. Bai yi rajistar mallakar wannan fasaha ba, kuma a ƙasashen Turai ma sunan wani mutum dabam aka laƙaba mata.

An haife shi ranar 18 ga Oktoba, 1787, a garin Hoboken na jihar New Jersey, wanda kogin Hudson ne kaɗai ya raba shi da birnin Niyok. Gidansu gidan dukiya ne da filaye. Mahaifinsa, Kanar John Stevens, ya karanci shari'a, amma zuciyarsa na ga injin tururi, kuma a kan wannan ya ƙarar da rayuwarsa da wani kaso na dukiyarsa. Sunan da aka raɗa wa yaron na Robert Livingston ne, mijin ƙanwar mahaifinsa, babban alƙali kuma ɗan siyasa a Niyok. Wannan suna yana da abin ban dariya a cikinsa, kamar yadda za a gani nan gaba kaɗan.

Robert ya tashi ne a maƙerar mahaifinsa. Yana matashi, a 1804, yana cikin waɗanda suka gwada ƙaramin jirgin ruwa mai tururi da Kanar ya ƙera, mai suna Little Juliana, wanda farfela biyu ke turawa. Bayan 'yan shekaru gidan ya ƙera babban jirgi mai suna Phoenix, da nufin ya riƙa jigila a kogin Hudson. Sai dai kafin su gama, jihar Niyok ta riga ta ba Robert Fulton da abokin kasuwancinsa izinin cewa su kaɗai za su yi sufurin jirgin tururi a ruwan jihar. Abokin kasuwancin nan kuwa ba wani ba ne illa Livingston, surukin gidan, mai sunan yaron. Da hanya ta toshe, sai aka yanke shawarar kai Phoenix kogin Delaware, wajen birnin Filadelfiya, kuma babu yadda za a kai shi sai ta cikin teku. A watan Yunin 1809 Robert, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya shiga jirgin a matsayin mai kula da inji, suka bi gaɓar teku cikin iska da igiyar ruwa, suna fakewa suna fita, har kusan mako biyu. Wannan ce tafiya ta farko da jirgi mai tururi ya yi a kan teku.

Shekaru ashirin da suka biyo baya a harkar ruwa ya yi su. Ya gyara fasalin jiragen fito da ke tsakanin Hoboken da Niyok, ya ƙarfafa gangar jikin jiragen kogi domin su yi tsawo ba tare da sun lanƙwashe ba, ya kuma ƙera jiragen da suka yi suna wajen gudu bayan da kotun ƙolin Amurka ta rushe babakeren su Fulton a 1824. Da a nan ya tsaya, da tarihi ya ajiye shi a sahun maƙeran jiragen ruwa kawai.

Matsalar ƙarfe a ƙasar da ba ta da ƙarfe

Kanar John Stevens ya daɗe yana wa'azin jirgin ƙasa tun mutane na yi masa kallon mai mafarki. A 1812 ya wallafa ƙasida yana cewa layin dogo ya fi haƙa hanyoyin ruwa amfani. A 1815 ya karɓi izinin gina layin dogo daga jihar New Jersey, irinsa na farko a Amurka, amma kuɗi ba su samu ba. A 1825, yana tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, ya ƙera ɗan ƙaramin kan jirgi ya riƙa zagayawa da shi a kan wani da'irar dogo a gidansa, don dai masu shakka su gani da idonsu. 'Ya'yansa ne suka mai da mafarkin kasuwanci. A watan Fabrairun 1830 aka kafa kamfanin Camden and Amboy, wanda zai shimfiɗa dogo mai tsawon kusan kilomita 100 ya ratsa New Jersey, ya haɗa hanyar da ke tsakanin Niyok da Filadelfiya, birane biyu mafi girman kasuwanci a ƙasar. Robert ya zama shugaba kuma babban injiniya, ƙanensa Edwin ya riƙe baitulmali.

A lokacin hanyoyi biyu ake da su na shimfiɗa dogo, kuma kowace da cutarta. A Amurka, inda katako ya yi yawa ƙarfe ya yi tsada, akan jera dogayen katakai ne a bi samansu da siririn ƙarfe mai kama da ɗamara, a kafe da ƙusoshi. Yana da araha, amma nauyin jirgi kan sassauta ƙusoshin, bakin ƙarfen ya banƙare sama, wani lokaci ya huda ƙasan tarago ya shiga cikin fasinjoji. Amurkawa sun riƙa kiran wannan abu kan maciji. A Ingila kuwa ana murza ƙarfe mai ƙwari a masana'anta, sai dai ƙarfen ba shi da gindin da zai tsaya da kansa. Dole a zuba masa wani mazauni na ƙarfe da suke kira kujera, a kafe kujerar a kan dutse, a sa ƙarfen a cikinta, sannan a buga wani abu a gefe ya matse shi. Kowane taku ɗaya ko biyu sai an sa kujera guda. Ga ƙasar da ke da ma'aikatun zubi da ƙwararrun maƙera a kowane lungu, wannan ba komai ba ne. Ga Amurka ta 1830, wadda za ta sayo kowace kujera daga ƙetare ta biya kuɗin jirgi da na kwastan, sannan ta nemo wanda ya iya ɗaurawa a tsakiyar daji, babban nauyi ne.

Da wannan lissafi a ransa Robert ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila a watan Oktoban 1830, domin sayo ƙarfe da kan jirgi. Tafiyar makonni ce a wancan zamani. A cikinta ya samo guntun katako ya riƙa fiƙewa da wuƙa, yana neman siffar da za ta raba shi da kujera. Abin da ya fito da shi shi ne ya ba ƙarfen gindinsa na kansa, mai faɗin da zai zauna a kan abin da aka ɗora shi ba tare da ya kife ba. Kujerar ta koma cikin jikin ƙarfen ke nan. Da ya samu wannan, sauran tambayar ita ce me zai riƙe gindin. Amsarsa ƙusa ce mai kauri, wadda kanta ya karkata gefe guda kamar ƙugiya. Ana buga ta a gefen ƙarfen, ba a huda ƙarfen kansa, sai leɓen kan nata ya hau gefen gindin ya danne shi. Ya kuma tsara wani ɗan ƙarfe da za a riƙa haɗa bakin ƙarfe ɗaya da na gaba da shi.

Darajar wannan dabara tana ga wanda zai yi aikin. Lebura da guduma ya isa. In ƙarfe ya lalace, a zare ƙusoshi da ƙwaƙule a sa wani. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane hikimar: ya rage yawan kayan da za a saya, ya rage ƙwarewar da za a biya, ya rage lokacin da za a ɓata, duk da guntun katako ɗaya.

Masu masana'antun Ingila ba su karɓe shi hannu biyu ba. Sun ga siffar baƙuwa ce, suna tsoron ta karya musu injinan murza ƙarfe. Daga ƙarshe John Guest, mai babbar masana'antar Dowlais a yankin Wales, ya yarda ya gwada, bayan Robert ya ɗauki alhakin duk ɓarnar da za ta auku ga injinan. Karafan farko sun fito a karkace, saboda siririn gindi ya fi kai mai kauri saurin hucewa, sai da aka koyi miƙe su tun suna da zafi. A watan Mayun 1831 kashin farko, kimanin guda 500, ya sauka a Filadelfiya. Nauyinsu kusan kilo 18 ne a kowace mita. Ƙarfen manyan layukan yau ya ninka haka sau uku, amma in aka yanka su aka jera, ɗa da uba za a gani.

A wannan tafiya ce kuma ya yi odar kan jirgi daga kamfanin Robert Stephenson da ke Newcastle. An kawo shi a wargaje cikin akwatuna, babu zanen yadda za a haɗa, wani saurayin makaniki mai suna Isaac Dripps, wanda bai taɓa ganin kan jirgi ba, ya harhaɗa shi. Shi ne aka sani da John Bull. A watan Nuwamban 1831 aka ɗebi 'yan majalisar jihar a garin Bordentown aka zagaya da su a kansa.

Duwatsun da ba su iso ba

Saura abu guda, kuma shi sa'a ce ta kawo shi. Kamar sauran injiniyoyin zamaninsa, Robert ya ɗauka cewa dogo sai a kan dutse, don ya daɗe. An yi odar sassaƙaƙƙun duwatsu daga gidan yarin Sing Sing na jihar Niyok, inda fursunoni ke fasa dutse. Akan huda dutsen a cusa katako a ramin, sannan a buga ƙusa a cikin katakon. Duwatsun suka riƙa makara, aiki yana neman tsayawa. Sai ya ba da umarnin a sare itatuwa a jera gumagumai a gicciye, a kan dakakken dutse da tsakuwa, a kafe ƙarfen a kansu kai tsaye, kafin duwatsu su iso.

Da jirgi ya bi ta wurin, sai aka ga maganin wucin gadin ya fi na dindindin. Katako yana ɗan lotsawa ya dawo, yana shanye bugun da dutse ke mayar wa ƙafar jirgi da ƙarfe. Gungumen da ke gicciye yana riƙe da ƙarfen dama da na hagu a lokaci guda, don haka tazarar da ke tsakaninsu ba ta buɗewa, alhali duwatsu kowanne zaman kansa yake yi, sanyin hunturu ya ɗaga wannan ya bar wancan. Tsakuwa kuma tana tsiyaye ruwan sama. Ƙusar da ya ƙirƙira ta samu gidanta na gaskiya, domin a cikin katako ta fi kamawa. Ƙarfe mai gindi, ƙusa mai ƙugiya, gungumen gicciye da tsakuwa: da waɗannan huɗu aka ratsa nahiyar Amurka. Wani maƙeri mai suna Henry Burden, a garin Troy, ya ƙera injin da ke fitar da irin wannan ƙusa da yawa cikin araha, kuma a 1845 aka fara murza ƙarfe mai wannan siffa a cikin Amurka, a garin Danville na jihar Pennsylvania. Ranar da layin gabas ya haɗu da na yamma a Utah, a watan Mayun 1869, abin da aka zaɓa ya zama alamar bikin ƙusa ce ta zinariya.

A Turai labarin ya bi wata hanya. Injiniya Charles Vignoles ne ya gabatar da ƙarfe mai faffaɗan gindi a Ingila a 1836, ya kuma yaɗa shi a ayyukansa na ƙasashen nahiyar, shi ya sa har yau Faransawa da Jamusawa da sunansa suke kiran sa. Ingila kanta ta riƙe kujerarta fiye da shekara ɗari, sai bayan yaƙin duniya na biyu ta koma ga ƙarfe mai gindi. Rashin yin rajista ya jawo wa Robert asarar suna da ta kuɗi, amma a ganina yana cikin abin da ya sa siffar ta bazu da sauri haka, tunda babu wanda ya tsaya neman izini ko biyan lada kafin ya murza ta.

Abin da ƙusar ba ta iya ba

Adalci ne a faɗi iyakar wannan ƙusa. Tana hana ƙarfe kifewa, tana hana shi gocewa gefe, amma ba ta da ƙarfin hana shi tafiya gaba. Ƙarfen dogo yana rarrafe, a hankali ƙwarai, ta fuskar tsawonsa. In jirgi mai nauyi ya hau, ƙarfen kan ɗan lotsa a ƙarƙashin kowace ƙafa, lotsawar ta riƙa tafiya gaba kamar yadda muciya ke tura tuwo. In direba ya taka birki, ƙafafun kan ja ƙarfen su yi gaba da shi, shi ya sa abin ya fi tsanani a kusa da tasha da kuma kan gangara. Ga kuma zafi da sanyi. Ƙarfe mai tsawon kilomita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai nemi ƙarin tsawon kusan santimita 35, kuma in ya huce ba lallai ya koma daidai inda ya taso ba. Ita ƙusa kuwa, da yau da gobe, motsin jirgi kan ɗan zaro ta sama, leɓenta ya daina danna gindin sosai, ƙarfen ya riƙa sulalewa a ƙarƙashinta.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. A wani wuri bakunan karafa kan cushe, ɗan sararin da aka bari don miƙewa ya toshe, ranar da rana ta ƙwalle sai dogon ya lanƙwashe gefe. A wani wurin kuma bakunan kan buɗe har notocin haɗi su tsinke. Gumagumai kan karkace, wurin sauya layi ya daina rufewa daidai. A zamanin Robert jirage ba su da nauyi, don haka cutar ba ta bayyana sosai ba. Da nauyi da gudu suka ƙaru, sai da na baya suka yi ta ƙari a kan aikinsa. A 1847 William Bridges Adams da Robert Richardson suka yi rajistar ƙarafan haɗi guda biyu da ke rungumar wuyan dogo ta kowane gefe. Aka zo da faranti na ƙarfe da ake sawa tsakanin dogo da gungume don kada gindin ya ci katakon. A farkon ƙarni na ashirin kuma matokari ya zama ruwan dare: wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake bugawa ya cafke gindin dogo ta ƙasa, ya jingina da gefen gungume, ta yadda dogon ba zai matsa ba sai ya tura gungumen da tsakuwar da ke kewaye da shi. A 1957 wani injiniya ɗan Norway, Per Pande-Rolfsen, ya fito da maƙalar sifirin da aka sani da Pandrol, wadda ke danna gindin da ƙarfin da ba ya saki, ta haɗa aikin ƙusa da na matokari. Irin waɗannan maƙalai ne ake gani a kan gumaguman kankare na sababbin layuka, kuma shi ya sa ɓarawon da ya kwance su don ya sayar a matsayin gwangwan ya fi ƙarfin a kira shi ɓarawo kawai. Duk waɗannan ƙare-ƙare abu guda suke kamawa, wato gindin nan da aka fiƙe da wuƙa a cikin jirgin ruwa.

Kamfanin Camden and Amboy ya yi arziki, sai dai sunansa bai yi tsarki ba. A watan Nuwamban 1833, kusa da garin Hightstown, sandar da ke riƙe ƙafafun wani tarago ta karye, jirgin ya kauce, mutum biyu suka rasu. Cikin fasinjojin akwai tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda ya tsira lafiya, da Cornelius Vanderbilt, wanda ya ji mummunan rauni, kuma daga baya ya zama babban attajirin jiragen ƙasa. Abin da ya fi ɓata sunan kamfanin shi ne babakere. Bayan ya haɗe da kamfanin hanyar ruwa ta Delaware da Raritan, majalisar jihar ta ba su doka a 1832 cewa babu wanda zai gina wani layi da zai yi gogayya da su tsakanin Niyok da Filadelfiya. Jihar na karɓar kasonta a kan kowane fasinja da kaya, kamfanin na yanka farashin da ya ga dama, fatake da matafiya na biya suna guna-guni, har aka riƙa yi wa New Jersey ba'a da sunan jihar Camden and Amboy. Gidan da babakeren Fulton ya kora cikin teku a 1809, shi ne ya kafa nasa da ya samu dama, kuma Robert ne shugaba. Gwanintarsa ta ƙira ba ta wanke shi daga wannan ba.

Ƙarshen rayuwarsa ya tafi a kan wani aiki da bai kammalu ba. A 1842 majalisar dokokin Amurka ta amince da dala 250,000 don ya ƙera jirgin yaƙi mai sulken ƙarfe da zai tsare tashar Niyok. Kafin aiki ya yi nisa aka samu igwar da ke huda kaurin sulken da ya tsara, ya koma ya sake zane, jirgin ya ƙara girma, kuɗi suka ƙara yawa, gwamnati ta riƙa ja da baya. A tsakanin haka ya zana jirgin tsere mai filafilai mai suna Maria, wanda ya tsere wa shahararren jirgin nan America a gwajin da aka yi a 1851, kafin America ya ƙetara Ingila ya ciyo kofin da har yau ake kira da sunansa.

Robert Stevens ya rasu a Hoboken ranar 20 ga Afrilu, 1856, yana da shekara 68. Bai taɓa aure ba. Jirgin yaƙin yana nan a mahaƙarsa rabi da rabi. Edwin ya ci gaba da zuba masa kuɗi, da zai rasu a 1868 ya bar wasiyyar dala miliyan ɗaya don a ƙarasa shi, ya kuma bar wata dukiyar da aka kafa kwalejin fasaha ta Stevens da ita a Hoboken a 1870. Kwalejin tana nan tana yaye injiniyoyi. Jirgin kuwa bai taɓa shiga ruwa ba, a 1881 aka wargaza shi aka sayar da ƙarfen. John Bull yana gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton, kuma a watan Satumban 1981, da ya cika shekara 150, aka fito da shi aka hura masa wuta, ya yi tafiya da ƙafafunsa.